A haɗa injiniyoyinmu da likitocinmu a kan ciwon daji

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani salon maganin ciwon daji da duniya ta yi nisa a kai, mu kuwa ko zancensa ba mu cika yi ba.

Bayan tiyata da gashin ƙari da haske da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin cutar), yanzu ana sa garkuwar jikin majiyyaci ta yaƙi cutar da kanta. A 2018 aka ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan kyautar Nobel, saboda sun nuna cewa ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, suna da birki, kuma in aka saki birkin sai su far wa ciwon daji. Akwai kuma hanyar CAR-T: a ɗebi jinin mara lafiya, a ware ƙwayoyin T, a sauya musu halitta yadda za su gane ƙwayar cutar, a hayayyafa su, a mayar masa. Amurka ta amince da irinsa na farko, Kymriah, a 2017, kan dala 475,000.

Jin wannan kuɗi kan sa a ce abin ba namu ba ne. Ban yarda ba. A 2023 Indiya ta amince da nata, NexCAR19, wanda cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial suka haɗa hannu a kai, a kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Babban abin da ke cin kuɗi shi ne sarrafa ƙwayoyin, wato na'urori da tsabtataccen ɗaki da kayan haɗi, kuma nan ne injiniya yake da ta cewa. Injiniyoyi ne ma ke ƙera ƙananan faranti masu siraran hanyoyin ruwa, inda ake zuba ɗan tsoka na ƙari tare da ƙwayoyin garkuwa, a sa ido ta madubin likita a ga wanne magani ke aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne jininmu ba shi ake nazari ba. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma rashinsa ne ke kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan halitta kan samu ƙarancin wasu fararen ƙwayoyin jini alhali lafiyarsu ƙalau. In aka auna su da ma'aunin Turawa, ana iya jinkirta musu kemo ko a hana su shiga gwajin sabon magani. Wa zai gyara mana wannan in ba mu ba?

Gaskiya, CAR-T ta fi tasiri a kansar jini, ba ta kai ga haka ba a kansar mama da ta bakin mahaifa masu ɗauke mana iyaye mata, kuma tana iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sai an kwantar da mutum a sashen kulawa ta musamman. Shi ya sa nake ganin da bincike za a fara.

Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar injiniya da asibitin koyarwa a Shika, Jami'ar Jihar Kaduna tana da asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ina kira ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da NICRAT, cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, su ware kuɗi a buɗe ɗakin gwaje-gwaje ɗaya na haɗin gwiwa, inda ɗaliban injiniya da na likitanci za su yi nazarin ƙwayoyin garkuwar majiyyatanmu, da izininsu.

Naka mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna