Shekara 15 ba ta tabbata da baki

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin baƙin da ke neman zama 'yan Najeriya. Sashe na 27 na Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta zaman shekara 15, da ɗabi'a ta gari, da amincewar gwamnan jihar da mutum yake zaune. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kuwa takarda take dubawa: fasfo, izinin zama, shaidar haihuwa, shaidar biyan haraji, wasiƙun masu tsaya wa mutum.

Nan gizo ke saƙar. Dattijo daga Maraɗi ya shekara 30 yana kasuwanci a Kano, kowa ya san shi, amma izinin zama bai taɓa yanka ba. Da me zai kafa hujja? Ina roƙon ma'aikatar ta bayyana waɗannan sharuɗɗa da Hausa a gidajen rediyo.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano