Godiya ga injiniyoyin da suka fitar da mu kunya a goman ƙarshe na azumi

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari nan Kano, atamfa da shadda da leshi nake sayarwa, kuma na rubuto wannan ne domin in yi godiya a bainar jama'a ga ogan wani ƙaramin ofishin kula da kwamfutoci da ke wajen Zoo Road, shi da yaransa biyu. Ya roƙe ni kar in ambaci suna, to na ji, amma bai hana ni faɗin abin da suka yi ba.

Muna da wata kwamfuta a ofishin shago, saba ake ce mata, tun 2014 aka haɗa mana ita. A cikinta lissafin kaya yake, dila nawa ta shigo, turmi nawa ya fita, da kuma littafin bashi wanda duk ɗan Kwari ya san shi ne ran kasuwa. Sitonmu yana Sharaɗa, yaran can suna shiga sabar ta wata keɓaɓɓiyar hanya a intanet da ake kira VPN, in na sayar a shago su gani nan take su fitar da kaya. Shekara tara abin nan na aiki ban taɓa tambayar yadda yake yi ba, kamar dai mutum da famfon gidansa.

To a azumin 2023 ɗan wana da ke karatun kwamfuta yazo yace Baffa, Ubuntu 18.04 ɗin da ke kan sabar nan, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, za a daina yi masa gyaran tsaro na kyauta a ƙarshen watan Mayu, gara a ɗaga shi. Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba har yau, laifina ne da na yarda a yi a goman ƙarshe lokacin da Kwari ko wajen aje ƙafa babu. Ranar Lahadi ya zauna ya ɗaga shi zuwa 20.04, daga nan zuwa 22.04, komai ya tashi lafiya, ya nuna min lissafi na nan, muka sha ruwa muka watse.

Litinin da safe sai waya daga Sharaɗa, Alhaji ba ya shiga fa. Nace ku duba data. Akwai. Ku kashe ku kunna. Sun yi har sau uku. Kafin azahar ina da kwastomomi daga Maraɗi da Gusau a zaune a kan benci sun biya kuɗi suna jiran kaya, mota na jira, ni kuma ina karanta wa yaron sito lambar zane ta waya ɗaya bayan ɗaya cikin hayaniyar kasuwa, nace ɗari huɗu da sha biyu ya ji ɗari huɗu da ashirin, aka ɗora wa wata Hajiya dila guda ta kalar da ba ita ta zaɓa ba. Ga azumi ga zafin Afrilu, kuma bamu gama farfaɗowa daga wahalar canjin kuɗi ba. Yaron nan ɗan wana tun safe yake gaban allo idonsa ya yi ja, duk ya tsargu, sai cewa yake Baffa wallahi ban goge komai ba.

Wani maƙwabcina a layi ne ya bani lambar Injiniya, ogan ofishin da na ambata. Ya iso bayan la'asar da jakarsa da yarinya ɗaya cikin ma'aikatansa, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai ce a sake komai daga farko ba, wanda shi ne maganar farko da masu gyara da yawa ke yi in sun rasa gane abu. Ya ce a buɗe masa inda injin ke rubuta ƙorafinsa. Minti biyar bai cika ba ya sa yatsa a kan wani layi, da turanci an rubuta ca md too weak. Ya juyo yace Alhaji kwantar da hankalinka, lissafinka ba abin da ya same shi, makulli ne ya tsufa sabon maigadi ya ƙi karɓa.

Na ce yi min bayani yadda zan gane, kuma ya yi, a tsaye, yana azumi. Yace lokacin da aka haɗa VPN ɗin an yanka wa saba da kwamfutocin sito makullan sirri da takardun shaida, makullan RSA ne masu tsawon 1024, an kuma sa musu hannu da wani tsari mai suna MD5. A 2014 haka mutane da yawa ke yi saboda haka kayan aikin ke fitarwa in ba ka canza ba. Amma masana sun daɗe da gano yadda ake jabun sa hannun MD5, kuma makulli mai 1024 ya zama gajere, yanzu 2048 ne mafi ƙanƙanta da ake yarda da shi. Ubuntu 22.04 ɗin yana tafe da OpenSSL 3.0, manhajar da ke tantance waɗannan takardun, shi kuma da ya ga irin wannan tsohuwar takardar sai ya rufe ƙofa kawai. Wato ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi.

Nan ne fa na nuna halina na ɗan kasuwa. Ɗan wana yace ya gani a intanet akwai layi ɗaya da za a ƙara a rage matakin tsaro zuwa sifili, komai ya koma yadda yake. Nace to ai shikenan a sa, me ake jira. Injiniya yayi murmushi yace zai sa, amma na daren yau kawai domin kayan mutane su fita gobe da safe, kuma shi da kansa zai cire. Yace Alhaji in kwaɗon shagonka ya zama irin wanda kowane yaro ke buɗewa da waya, ba za ka ce a bar shi ba don ka saba da makullinsa. Na ɗan ji haushi a lokacin, don na ɗauka hanyar ƙara kuɗin aiki ce. Na yi masa mummunan zato, Allah ya yafe min, shi ma ya yafe.

Washegari Talata ya yanka sababbin makullai da takardu masu sa hannun SHA-256, tsarin da ya fi MD5 ƙarfi, ya tura yaronsa a babur har Sharaɗa ya saka su a kwamfutoci uku na sito ɗaya bayan ɗaya, suna waya suna gwadawa, sai da kowacce ta shiga sannan ya goge wancan layin a gabana ya ce in gani.

Amma abin da yasa na zauna rubuta wannan wasiƙa shi ne wanda ban ma kira su dominsa ba. Yarinyar nan, wadda tun zuwansu bata ce uffan ba, ita ce ta ɗago tace Baba ina kuke ajiye kwafin bayanan nan? Nace akwai wata tsohuwar kwamfuta a gida da ke jawowa kullum da daddare. Ta duba tace rabon da ta jawo tun daren Asabar. Ashe ita ma an rufe mata ƙofa, ta wani dalilin daban. Tana shiga ne ta wata hanyar tsaro da ake kira SSH, kuma tun OpenSSH 8.8, manhajar wannan hanyar, da ya fito a 2021 aka daina karɓar sa hannun RSA da aka yi da wani tsohon tsari mai suna SHA-1, Ubuntu 22.04 ɗin kuma 8.9 ne a cikinsa, tsohuwar kwamfutar gida kuwa SHA-1 ɗin kaɗai ta iya da makullin RSA. Tace tun 2017 masu bincike na Google da wata cibiya a Amsterdam suka nuna a fili ana iya samun takardu biyu daban masu hatimin SHA-1 iri ɗaya. Shi kwafin nan in ya tsaya ba mai kira ya faɗa maka, ba kwastoma a benci, shiru kawai zai yi, sai ranar da wuta ko ɓarawo ko lalacewar faifai ta same ka ka je ɗauko kwafi ka tarar na watannin baya ne. Duk wanda ya san tarihin gobara a kasuwannin Kano ya san abin da ya zo min a rai, littafin bashi na miliyoyi. Jikina yayi sanyi.

Ta bi ɗan wana har gida, ta yanka sabon makulli irin Ed25519 wanda tsohuwar kwamfutar ta iya, suka jira kwafi ya gama, kuma bata tsaya nan ba sai da ta buɗe kwafin ta nemo cinikin Hajiyar nan ta Maraɗi ta tabbatar yana ciki. Ta kuma saita yadda in kwafi ya kasa zan samu saƙo da safe.

Wani abu kuma da na lura, ko sau ɗaya basu kunyata yaron nan a gabana ba. Injiniya ma cewa yayi ɗagawar daidai ce, abin da ya rage kawai shi ne a gwada a wata kwamfutar tukuna a kuma karanta sanarwar da ke zuwa da sabon tsari kafin a taɓa wadda ake ciniki da ita. Ya zaunar da shi kusa ya sa shi ne ke buga umarnin da hannunsa. Yanzu haka yaron yana zuwa ofishinsu duk Asabar.

Kuɗin da suka caje ni na aikin kwana biyu ne yadda muka yi tun farko, gyaran kwafin basu ƙara ko sisi ba. Na aika da turmi uku na atamfa goron sallah, Injiniya ya dawo da biyu yace ɗaya ya isa, na yarinyar.

Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka, ya raya zuri'a. 'Yata, Allah ya ƙara basira ya ba ki miji nagari in ba ki yi ba. Maganar tsohuwar kwamfutar gida da kuka ce a canza ban manta ba, na sa a kawo sabuwa, da ta iso zan kira.

Naku,
wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano