Malama, in faɗa wa su Baba gaskiya ko in ci gaba da shiru?

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki, duk sati ina sauraren shirinki. Ni ɗan Damagaram ne daga unguwar Birni, shekarata 20, na samu bak, wato takardar gama sakandare, na tafi Yamai karatu, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a, ranar tafiyata har maƙwabta suka raka ni tasha sai ka ce mai zuwa Makka.

To tunda na sauka can hankalina bai kwanta ba. Tafiyar wajen kilomita 900 ce, ba wurin da za ka ce bari in leƙo gida in dawo ba. Mu huɗu ne a ɗaki, biyu Zabarmawa, in suna hira da yarensu suna dariya sai zuciyata ta ce da ni suke. Wata rana ɗaya ya ɗibi yajin da Inna ta aiko min cikin kwalbar mayonez, wallahi na wanke shi tas gaban mutane, daga baya na gano kwana biyu kenan garin rogo kawai yake sha, amma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri, har muka rabu ba ma ga maciji. Ni a gida ba haka nake ba fa.

Kullum bayan isha'i Inna sai ta kira, ka ci abinci? karatu fa? In ce lafiya lau. Alhali a amfi, wato zauren lacca, jikina ne kawai ke zaune, matiya biyu, wato darussa biyu, na faɗi sai ratirapaji, wato sake jarrabawa. Baba raguna biyu ya sayar saboda tafiyar nan, da wane baki zan gaya masa?

Yanzu ina gida hutu, 'yan majalisarmu har dokta suke ce min, ni kuwa ko dariya da ƙyar. Yayata ce kaɗai ta gane, ta ce in nemi dawowa jami'ar André Salifou nan Zinder, kusa da gida. Raina na so, amma tsoron a ce Yamai ta fi ƙarfina nake, kuma in halina ne matsalar ai ko nan zai biyo ni.

Malama don Allah wa zan fara tara da maganar, Inna ko Baba? Kuma yaya mutum ke koyon riƙe zuciyarsa cikin baƙi? Saura sati uku in koma.

Ɗanki daga Birni, Damagaram