A ba zanen Ndebele fili a jaridarmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Daga Agege nan Legas nake rubuto maka, kan zanen mutanen Ndebele na Afirka ta Kudu wanda masu zanen zamani ke ɗaukowa yanzu suna haɗa shi da maganar kakanni da neman waraka. Duk sanda irin hoton nan ya faɗo wa mutanenmu a waya sai ka ji an ce ai tsafi ne a wuce, kuma gaskiya abin yana damuna.

Zanen nan yana da tarihi mai ɗaci. A 1883 Turawan Boer suka ci 'yan Ndzundza, wani reshe na Ndebele, da yaƙi, suka kama sarkinsu Nyabela, suka rarraba jama'arsa gonakinsu ana aikin wahala, to a haka matansu suka riƙe zanen bango, baƙin layi mai kauri da launuka masu haske a ciki, duk wanda ya zo wucewa ya san nan gidan ɗan'uwansa ne ba sai an buɗe baki ba. In yaro ya tafi daji kaciya uwarsa za ta sabunta zanen gidan, in ya dawo ta ɗaura dogayen duwatsun ado daga kai har kusan ƙasa, alamar hawayen rabuwa da yaronta da murnar ya dawo cikakken namiji. Wace uwa ce ba za ta gane wannan ba don Allah?

Ga Esther Mahlangu, wata mai zane 'yar Ndebele, an haife ta 1935, wajen uwarta da kakarta ta koya, da gashin kaza take jan layi ba rula ba komai, amma a 1989 har Paris aka kai ta ta yi zane, a 1991 kuma kamfanin BMW ya ba ta mota ta zana.

Maganar ruhin kakanni kuwa, su sun yarda matattu suna yi wa masu rai magana ta mafarki ko ciwo sai a je wajen bokansu, sangoma. Ni Musulmi ne ban yarda da haka ba, amma hakan ba zai hana ni sanin abin da mai zanen ke ƙoƙarin faɗa ba.

Abin da ya fi cin raina namu ne. Zayyanar bangon Kano da Zariya siminti da tayil suna ta cinye ta, telolinmu na nan kullum suna buga dagi da aska takwas da keke amma tambaye su ma'anarsa ka ji shiru. Don haka ina roƙo ku riƙa turo wakili bikin baje kolin zane-zane na ART X Lagos da gidan zane-zane na Nike Art Gallery da ke Lekki ya rubuto mana da Hausa, ku kuma nemo tsofaffin maginan Zariya ku yi hira da su tun suna raye.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas