Godiya Ga Mai Shagon Kayan Sanuka Na Kusa Da Terminus

Assalamu alaikum Alhaji, da yaran shago.

Ni ne mai teburan sanuka biyu a Unguwar Rogo, wanda ya shigo muku da sanduna huɗu a hunturun bara, duk fatar bakinsu ta ɓalle. Sababbi na zo saya. Da kun ga dama da kun karɓi kuɗina kun sallame ni, amma kuka ce in zauna, kuka sa aka kawo reza, samfefa da gam.

A gabana kuka kankare tsohon gam daga kan zoben bakin sandar har ya yi sumul, kuka goge bayan sabuwar fatar a kan samfefa don gam ya samu wurin kamawa. Ɗigo ɗaya kuka sa, kuka danne. Da ya bushe kuka kifa sandar a kan katako, kuka bi gefe da reza sannu a hankali, sannan kuka zagaye saman ya ɗan yi tudu. Ta biyu ni kuka miƙa wa. Har yau ina jin muryarku kuna cewa in ja samfefa daga tsakiya zuwa gefe, kada in yi ta kai-komo fatar ta farfashe.

A wurinku na san cewa faɗin bakin sandar sanuka bai cika wuce milimita 9 zuwa 10 ba, na ful (wasa mai kama da sanuka) irin na Amurka kuwa yakan kai 13, shi ya sa kuka ce in riƙa sayen fata mai ɗan fin zoben faɗi. Idan kuma sanda ta fara zamewa a jikin ƙwallo, saman ne ya yi santsi, a ɗan karce shi alli ya kama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na ɗauki fata mai hawa-hawa irin ta Kamui ta Japan, wadda ta fi tsada. Kuka gaya mini gaskiya cewa yawancin irinta da fatar alade ake yi, kuka nuna mini mai hawa ɗaya. Ban tambaya ba, kuma ribarku ce ta ragu.

Yanzu ƙanena ma ya iya, shi ke duba sandunan duk ranar Asabar kafin samari su taru.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa zuri'a albarka.

Naku,
Mai teburan sanuka, Unguwar Rogo, Jos