Godiya ga Ma'aikatan Duba-gari na Ƙaramar Hukumar Igabi

Assalamu alaikum.

A madadin magidantan layinmu a Rigasa, ina miƙa godiya ga ma'aikatan duba-gari da suka zo mana kafin faɗuwar damina, lokacin da gidaje da dama ke shirin haƙa sabon masai.

Da yawanmu mun ɗauka aikin duba-gari shi ne leƙa randa da cin tara. Waɗannan bayin Allah kuwa da tef ɗin awo suka shigo. Suka bi gida-gida tare da mai unguwa, suna auna tazarar da ke tsakanin rami da rijiya. Sun ce kada ta gaza mita 30, wato kusan ƙafa 100, masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu, sannan gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A watan Agusta, ga wanda ya san rijiyoyin Kaduna, igiyar guga kaɗan ake saki a taɓo ruwa, to a lokacin ne ƙazantar rami mai zurfi ke haɗuwa da abin da muke sha. Daga nan sai amai da gudawa da taifot, kuma yara ne kan fara kwantawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya a gida ɗaya ba. Fulotanmu ƙafa 50 ne, ƙafa 100 ba za ta samu a cikin gida guda ba, don haka masan wani yakan faɗa kusa da rijiyar maƙwabcinsa, katanga kawai ta raba. Katanga kuwa ba ta tare ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Na ga ɗaya daga cikin ma'aikatan ya durƙusa a soron wani dattijo yana zana layin namu da tsinke, yana cewa, "Baba, in aka mayar da ramin nan kusurwar yamma, jikokinku da na maƙwabcinku Malam duk sun huta." Ba tsawa, ba barazana. Dattijon ya yarda, aka cike ramin da aka fara.

Inda tazarar ta gagara, sun sa an ɗaga masan sama an rage zurfinsa. Bakin rijiyoyi kuma aka yi musu daɓen siminti da murfi.

Muna roƙon shugabannin ƙaramar hukuma su ƙara musu kayan aiki da abin hawa, domin Rigasa na da faɗi, sababbin gidaje kuma kullum tashi suke.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa zuri'arku albarka.

Naku,
Wani magidanci daga Rigasa, Kaduna