Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhaji game da kifi mai fiƙa da ya mutu a tankinsa

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga ya dace in rubuto maka a buɗe, tun da a bainar jama'a ka yi mini tambaya, kuma aka tashi taro ban samu damar amsawa ba. Domin waɗanda ba su halarci zaman masu kiwon kifin ado na watan jiya ba, ga abin da ka ce. Ka tambaya da wane ilimi mutumin da ya tashi nesa da teku yake ba mutane shawarar ajiye kifi mai dafi a gidajensu. Ka ce a kan maganata ka sayi guda biyu na ƙaramin kifin tekun nan da ake kira bileni mai fiƙa, ɗaya ya rame ya mutu duk da gansakukar da ta cika tankinka na ruwan gishiri, ɗayan kuma ya addabi sauran kifayenka da cizo. Ka rufe da tambayar ko nawa dillalai suke ba ni a kan kowane kifin da aka saya.

Maganar dillalai ba zan daɗe a kanta ba. Ban taɓa karɓar ko kwabo a hannun mai sayar da kifi ba, kuma a cikin waɗanda suka saurare ka a ranar akwai mutanen da na hana su sayen kifi saboda tankinsu bai nuna ba, wato bai shirya karɓar kifi ba, ciniki ya lalace a gaban mai kaya. Su ne shaiduna. Nisa da teku ma ba hujja ba ce, domin wanda yake bakin teku da wanda yake tudu duk da gishirin buhu da ma'auni suke haɗa ruwan tanki.

Abin da ya sosa mini rai, har na kasa barin sa ya wuce, shi ne cewa shawarata ce ta kashe dabba da yunwa. Da kai da ni mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda ya sa kifi a cikin gilashi ya ɗauki wannan nauyi a wuyansa, kuma ban ɗauki zargin da ya shafe shi a matsayin ƙaramin abu ba. Saboda haka ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya yadda take: kifin nan yunwa ce ta kashe shi, amma ba a kan abin da na faɗa ba. Ban taɓa cewa yana cin gansakuka ba, kuma babu wanda ya san shi da zai faɗi haka.

Dangin bileni babba ne, kuma 'ya'yansa ba abinci ɗaya suke ci ba. Wanda masu tanki suke saya domin ya share musu gansakuka shi ne Salarias fasciatus da ire-irensa, masu jerin ƙananan haƙora kamar na mataji, waɗanda suke wuni a kan dutse suna kankara. Wanda na yi magana a kansa na jinsin Meiacanthus ne, mai nau'i kusan 30 a tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, daga Meiacanthus nigrolineatus na Bahar Maliya zuwa Meiacanthus oualanensis mai launin rawaya na tsibiran Fiji. Mafi yawan bileni ba su da jakar iska a cikinsu idan sun girma, shi ya sa suke zama a ƙasa, amma shi wannan yana da ita, don haka yake yini yana shawagi a tsakiyar ruwa. Abincinsa a teku ƙananan halittu ne masu rai da igiyar ruwa take kawowa, da tsutsotsi da ƙananan dangin jatan lande da yake tsinta a jikin duwatsun murjani. Mai cin nama ne, kuma a tankin da gansakuka kaɗai ta cika babu abin da zai riƙe shi.

Yadda yake ci ma abin lura ne, kuma a nan ne nake ganin ƙwarewarka a kiwon tarwada ta ruɗe ka. Tarwada tana cika ciki a lokaci ɗaya ta jira na gaba. Wannan kifi tsawonsa bai cika wuce santimita 11 ba, bakinsa ƙarami ne, cikinsa ƙarami ne, kuma ba ya daina motsi daga safe zuwa dare. A teku yana tsintar abinci ɗai-ɗai tsawon yini. Abin da nake gaya wa kowa shi ne a ciyar da shi sau biyu ko sau uku a rana, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu. Ginshiƙin abincin shi ne ƙananan jatan landen da ake kira maisis, waɗanda ake sayarwa a daskare, sai a haɗa da naman jatan lande ko na kifin teku da aka daddatsa ƙanana sosai, da ƙananan halittun da ake kira kofifod idan an samu. Akwai jatan landen ruwan gishiri da ake kira atimiya, wanda kifi yake so ƙwarai, amma babba daga cikinsa ba shi da gina jiki sosai sai an ƙara masa sinadarai masu maiƙo, kuma kifin da aka bar wa shi kaɗai yana iya ci kullum yana ramewa. Amfaninsa shi ne a jawo hankalin sabon kifin da ya ƙi cin komai, daga nan a riƙa cakuɗa masa maisis har ya saba.

Abincin da aka daskarar ana narkar da shi ne a ɗan ruwan tanki, a tsiyaye ruwan, sannan a zuba shi a gaban famfo domin ya yi yawo a tsakiyar ruwa inda kifin yake farauta. Wanda ya narke saboda ɗauke wuta ya kwana a haka, zubar da shi ake yi, ba a mayar da shi firiza. Mai tankin da ba shi da sola ko janareta da zai riƙe firizarsa ya fi masa kyau ya horar da kifin ya ci busasshen abinci mai ƙananan ƙwayoyi na kifin teku, kuma yawancinsu suna karɓa. Bayan haka sai a tsaya a kalla. Idan akwai kifaye masu zafin nama a tankin, sukan cinye komai kafin shi ya samu, mai gida kuma yana ganin ya ciyar. Alamar yunwa ba ta ɓuya: ciki yana lotsawa, naman bayan kai yana zubewa, kuma hakan yana ɗaukar makonni kafin mutuwa. Makonnin nan, Alhaji, lambata tana cikin wayarka. Da ka kira ni lokacin da cikinsa ya fara lotsawa, da akwai kyakkyawan zaton an cece shi. Ka bari sai da ya mutu, sai da zauren ya cika, sannan ka nemi bayani, kuma wannan shi ne ya sa nake shakkar ko amsa kake nema tun farko.

Kifi na biyu, mai cizo, ina kyautata zaton ba abin da na ambata aka sayar maka ba. Meiacanthus ba ya farautar sauran kifaye, fiƙoƙinsa na kare kai ne, kuma yana zaman lafiya da maƙwabtansa in ban da ɗan'uwansa namiji a ƙaramin tanki. Amma da yake manyan kifaye suna tsoronsa, wasu kifayen sun ɗauki kamanninsa. Wasu daga cikinsu ba su da illa, kamar Ecsenius gravieri na Bahar Maliya, wanda yake fakewa da launin nigrolineatus kawai domin a ƙyale shi. Wasu kuwa, na jinsin Plagiotremus, abincinsu shi ne fata da yauƙi da ɓawon jikin wasu kifaye, kuma suna amfani da kamannin ne su matso kusa su gatsa su gudu. Plagiotremus laudandus ya yi kama ƙwarai da Meiacanthus atrodorsalis, gaba shuɗi-shuɗi, baya rawaya, wutsiya a rabe. Ana gane shi da siririn jiki mai tsawo, da bakin da yake ƙarƙashin hanci maimakon a gaba, da yadda yake lanƙwasa jiki yana iyo. Irin wannan babu abincin da za ka zuba masa ya daina cizo, domin maƙwabtansa su ne abincinsa.

Game da dafi, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Kifin yana da fiƙoƙi biyu a muƙamuƙin ƙasa, kowace da kwarmi da jakar dafi a gindinta. A 1972 wani masani mai suna George Losey ya buga bincikensa a kan atrodorsalis, inda ya nuna cewa manyan kifaye masu faɗin baki suna haɗiye shi, sai kansu ya kama karkarwa su buɗe baki ya fito da ransa, amma idan an cire masa fiƙoƙin sai su cinye shi. A 2017 wata tawaga da ta haɗa da Nicholas Casewell na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool a Ingila, da Bryan Fry na Jami'ar Queensland a Ostareliya, ta binciki dafin Meiacanthus grammistes. Sun tarar yana ɗauke da sinadarai masu aiki irin na magungunan kashe zafi, kuma a jikin ɓeraye bai jawo ciwo ba, sai dai ya saukar da ƙarfin gudun jini da kusan kashi 40 cikin ɗari na ɗan lokaci, abin da ake ganin shi ne yake sa mai haɗiye shi ya rikice. Ga ɗan Adam, kifi ne da ba ya kai hari sai an kama shi da hannu ko an matse shi, kuma abin da aka saba gani shi ne zafi da ɗan kumburi a wurin cizon. Duk da haka ƙa'idata ba ta sauya ba: ba a kama shi da hannu, ba a ba shi abinci da yatsa, ba a barin yara su tsoma hannu, kuma wanda aka ciza ya ji jiri ko kumburin ya yaɗu ya tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Murfin da zai hana yaro sa hannu shi ne kuma zai hana kifin tsalle ya faɗo ƙasa, domin gwanin tsalle ne.

Sauran kulawarsa ba ta bambanta da ta kowane kifin murjani ba. Tanki kada ya gaza lita 110, da duwatsu masu ramuka inda zai shige da baya ya kwana. Zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27, wanda a lokacin bazara sai da fanka a saman ruwa ko na'urar sanyaya shi. Gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, na musamman da ake haɗawa domin tankin teku, ba na miya ba, kuma idan ruwa ya ƙafe da ruwan daɗi tatacce ake cikawa, tun da gishiri ba ya tashi da tururi. Sabon tanki yana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyar da take cinye amoniya, wato gubar da dattin kifi yake haifarwa a ruwa, ta kafu, sabon kifi kuma a killace shi kimanin wata guda a wani tankin, inda za a ga ko yana da cutar fararen ɗigo, a kuma tabbatar yana ci kafin ya shiga cikin masu gasa da shi. Tun da yawan ciyarwa yana ƙara datti, a riƙa sauya kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako.

Da ka juya tambayarka ga wanda ya sayar maka, da na tsaya a bayanka. Abin da yake damuna tun ba yau ba shi ne yadda ake shigo da kifin teku ana sayarwa da launi kawai, babu sunan nau'i, babu inda aka kamo shi, babu bayanin abin da yake ci, mai saye kuma ba ya neman a ciyar da shi a gabansa kafin ya biya. A wasu yankunan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda take kashe murjani, take kuma barin kifin da illar da takan kashe shi bayan ya isa hannun mai saye. Abin takaicin shi ne wannan jinsi yana cikin waɗanda aka iya hayayyafa su a tanki: mace tana saka ƙwai a cikin rami ko bututu, namiji yana gadi har su ƙyanƙyashe, kuma kamfanin ORA da ke jihar Fulorida a Amurka ya shafe shekaru yana fitar da su kasuwa. Wanda aka haifa a tanki ya saba da busasshen abinci tun yana ƙarami, ba a sa masa guba ba, kuma ba za a musanya maka shi da mai kama da shi ba. Muddin manya irinka ba su nemi wannan a wurin masu shigo da kaya ba, babu ranar da za su kawo.

Kai mutum ne da ake jin maganarsa, kuma da yawa daga cikinmu a gonarka muka fara ganin yadda ake kiwon kifi da tsari. Shi ya sa abin da ka faɗa ya yi nauyi, domin akwai matasan da suka bar zauren suna ganin ni mayaudari ne, akwai kuma waɗanda har yanzu suke ganin kifin nan gansakuka yake ci, kuma wanda yake hannunsu a gida yana jin yunwa a yau. Ina roƙonka ka yarda a karanta wannan wasiƙa a zama mai zuwa, ka kuma janye maganar dillalai a inda ka yi ta. Kafin nan, ka ware kifin mai cizo a wani tanki daban, ka aiko mini da hotonsa ta gefe yadda baki zai fito sosai, ko ka sa mini rana in zo in duba shi da kaina, in ga sauran kifayen da ya ji wa rauni.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Naka,
Ƙaninka a harkar kiwon kifi